Sandar Awon Ruwa da Aka Ba Ni Amana

Da sunan Allah nake fara wannan tuni, yanzu da dariyar da aka yi mini ta ɗan lafa.

Wata damina, wata malamar jami'a mai binciken ambaliya ta zo Hadejia ta raba mana sanduna masu zane-zane. Kowa ya kafa tasa a bakin kogi, kullum da safe ya ɗauki hoton inda ruwa ya kai, ya tura a zauren da ta buɗe mana a waya. A zauren akwai manoman Miga da Auyo, akwai masunta, akwai masana daga garuruwan da ban taɓa takawa ba. Da hotunan nan ake gane ko ruwa na tafe, a gaya wa na gabas da mu su yanke shinkafa. Ƙanena yana cikinsu, kuma gonarsa a kwari take.

Da ta miƙo mini tawa ta ce, "Baba, amana ce." Ni kuwa ba a faɗa mini amana sau biyu.

Kwana kaɗan ruwa ya taso ya cinye rabin sandar. Na ce ba a hannuna kayan mutane za su salwanta ba. Na naɗe wando, na tuge ta, na matso da ita tudu, na kafa ta yadda ruwa zai tsaya a zane na uku kamar ranar farko. Haka na riƙa yi, har ina goge mata laka da gefen rigata.

Zaure ya rikice. A Miga ruwa na hawa, a Auyo yana hawa, a wurina zane na uku. Wani masani ya yi dogon bayani cewa ciyawar kachala ce ta karkatar da ruwan. Wani ya ce ƙasar wurin ce ke shanyewa. Na tura musu saƙon murya na ce Allah ya ƙara basira. Ƙanena ya bugo waya: "Yaya, in yanke?" Na ce ya dakata, masana suna dubawa.

Wani masunci ɗan Auyo ne ya tona. "Malam, a hotonka na farko tsamiyar nan can nesa take. Yau inuwarta na kan sandar. Tsamiya ce ke tafiya ko sanda?"

Na ce sanda ce, kuma lafiyarta ƙalau.

Malamar ta kira ni nan take. "Baba, don Allah sau nawa ka matsar da ita?"

Na ce duk a rubuce yake. Ba na taɓa kayan amana ban rubuta ba: rana, da taku nawa na matsa, da zanen da ruwa ya kai kafin in tuge. Na ɗauki hoton shafukan na tura. Da yake da ajami na rubuta, masanan suka tsaya cirko-cirko. Masuncin nan ya karanta musu da murya yana shaƙewa da dariya, har da "Allah ya tsare sanda" da nake rufe kowane layi da shi.

Kafin la'asar suka haɗa awon, suka ce ruwa na tafe da ƙarfi. Ƙanena ya kira gayya aka yanke shinkafar. Ba a yi mako ba gonar ta zama tafki.

Yanzu an zuba wa gindin sandar siminti. Ƙanena kuma ya kawo mini buhun shinkafa, ya ajiye a soro ya ce, "Yaya, amana ce, amma wannan kana iya matsar da ita."