Jan Zare a Fiffiken Mota

Wani tsoho yana tsaye a garejinmu na filin tseren motoci, da koɗaɗɗiyar rigar ma'aikatan jirgin sama. Yana liƙa guntayen jan zare a fiffiken da ke bayan motar tserenmu, yadda ake gwada iska kafin zuwan kwamfuta. Ina jin ya taɓa binne matuƙin jirgi.

"Baba, kwamfuta ta ce lafiya lau," in ji direbanmu Tsutomu, yana dariya. "Ko ɗinki ka zo yi mana?"

Tsohon ya rusuna wa motar.

Ƙofa a rufe, ba iska, amma zaren yana miƙewa sama. Haka yake yi in mota za ta tashi ta kife.

Saura minti goma Tsutomu ya hau motar. Na ɗauki sifana na kwance tayoyin don kada ta fita.