Bencin Baya da Na Kankare

Tun ranar da na fara shiga tsohuwar majami'ar Baptis ɗin nan mai jan bulo, a hanyar garin Bowie a nan Amurka, na ƙudurta a raina nan za a ɗaura mini aure. Littattafan soyayya sun riga sun ɓata ni tun ina Kaduna. Nakan tashi daga aikin jinya ƙafafuna a kumbure, amma da na lumshe ido sai in gan ni cikin farar riga, hasken dogayen tagogin nan na zuba a kaina.

Ginin ba namu ba ne. Na baƙaƙen Amurka ne, kakanninsu suka gina shi bayan sun fita daga bauta. Mu baƙi da muka zo daga gida aro ake ba mu, mu yi sujada Lahadi da yamma. Makullin yana hannun wata dattijuwa daga cikinsu da muke kira Mama. Da na roƙe ta a bar ni in yi aurena a ciki, ta ce za ta kai maganar gaban dattawa.

Don in samu shiga, na ce mu yi yadda ake yi a gida, matan zumunta su wanke coci tas. Ranar Asabar muka taso daga Landover mu biyar, da bokitai. Ni na kama bencin baya, baƙi ƙirin, jikinsa duk ƙananan zane kamar yara sun yi wasa da ƙusa. Na sa soson ƙarfe na dirje shi har kafaɗata ta riƙe.

Na ci rabi Mama ta shigo. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna, ta gaya mana waɗanda suka gina wurin ba su iya rubutu ba, shi ya sa kowane gida ya zana alamarsa inda yake zama. Duk shekara akan kawo jikoki su shafa.

“'Yata, daga ina kika fara?”

Na nuna mata.

“Nan kakar kakata take zama.”

Na durƙusa har ƙasa. Ta ce in tashi, gwiwa ba ta mayar da katako.

Dattawa sun yarda, an ɗaura auren a can. Farar riga ta zo, hasken taga ma ya zo. Ni dai abin da na riƙe daga ranar shi ne na waiwaya lokacin alkawari, na hango Mama a bencin baya, tafinta a kan wurin da ya yi fari. Har yau muna aron cocin. A gaba nake zama.