Mushe Issufu da igiyar da ke jin motsin teku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan Zule ta kira ni daga Gangara: babanta, Mushe Issufu, ya rasu. Malamina ne na lakol, wato makarantar boko; Mushe kuwa haka muke kiran malamin boko a wurinmu. Ina nan bakin teku wurin aiki, da alƙawarinsa a wuyana ban cika ba.

Duk wanda ya yi ajinsa ya san darasin rijiya. Yakan kai mu rijiyar bayan lakol, ya sa mutum ya rufe ido, ya damƙa masa igiyar guga.

"Kada ka leƙa. Hannunka za ya gaya maka in guga ta taɓa ruwa."

Ni ne mai satar leƙe. Sau uku yana kama ni, bai taɓa duka na ba, sai dai ya ce in koma ƙarshen layi. A karo na huɗu na ji: igiyar ta ɗan saki a tafina, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. 

Yau aikina ke nan. Wayoyin intanet da ke kwance a ƙasan teku, a cikinsu akwai zaren gilashi mai kaurin gashin kai, haske na gudu ciki. In ƙasan teku ya motsa, hasken yakan ɗan girgiza, mu kuma a gaɓa mu karanta a na'ura. Burinmu a ji girgizar ƙasa da wuri, a gargaɗi mutane kafin tsunami, ambaliyar nan da teku ke turowa kan gari, ta iso. Har yau in na zauna gaban kwamfuta abin na ba ni mamaki. Ikon Allah.

Da babbar salla na je gaishe shi. Idanunsa sun tafi, amma muryata kawai ya ji ya ce, "Lawali mai leƙe!"

Na miƙa masa guntun wayar tekun da na riƙo masa tsaraba. Ya daɗe yana shafa ta, har ya kai ta kunne.

"Wagga ce ke jin teku? To mi ya raba ta da igiyar gugarmu?"

Na ce, "Tsawo kawai, Mushe."

Ya yi dariya har da tari. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin damina ba, amma tambayarsa ta fi ta wasu injiniyoyi: "Tsohuwa mai sanda za ta samu lokacin hawa tudu?" Sannan ya kama hannuna ya ce ranar da igiyar ta fara ji, in kira shi ya ji da kunnensa.

Makon jiya ta ji. Ƙaramar girgiza ce can nesa, ba ta cutar da kowa ba, amma wayarmu ta kama ta. Na ɗauki waya zan kira Zule, sai na ce bari a tabbatar tukuna, kada in kai wa malamina amsar da ba daidai ba. An tabbatar shekaranjiya. Na ce sai Juma'a, in ya sauko daga masallaci.

Aikina kullum shi ne kada gargaɗi ya makara, ga shi nawa saƙon ya makara. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Zule ta ce guntun wayar na ƙarƙashin matashinsa, kuma duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ba shi ya taɓa.

Mushe, igiyar ta ji.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai ruwan Aljanna. Ƴan ajinmu da ke Gangara da Gazawa da Cadawa, da duk wanda ya karanta, don Allah ku sa shi cikin addu'arku yau. Kada ku bari sai Juma'a.