Ivor Tebbutt, Maginin da Ya Hana a Rushe Layin Bariki

"Ba ni gida ɗaya, wanda ya fi kowanne ruɓewa," in ji Ivor Tebbutt, maginin unguwarmu. "In sanyi ya wuce bangon bai bushe ba, ni zan kai wa direban katafila shayi."

Mista Ladd, wakilin kamfanin da ke da gidajen, ya yi dariya. "Tsoho, tun zamanin Sarauniya Bitoriya aka gina wa sojoji masu iyali gidajen nan. Sojoji sun tafi, danshi ya gaje su. Amma na yarda. Ɗauki lamba tara. In ya bushe, na bar muku layin."

Suka tafa. Lamba tara kuwa gidana ne.

Gida ashirin da biyu ne a jere, kowa bango ɗaya da maƙwabcinsa, in ka yi tari a lamba uku, lamba huɗu za ta ce maka sannu. Kamfani ya ce danshi ya cinye su, a rushe a yi filin ajiye motoci, a watsa mu gari-gari.

Shekara arba'in da ɗaya Ivor yana fitowa ƙarfe bakwai, ya leƙa ramin da yake jiƙa farar ƙasa, ya juya ta, ya loda a baro. Ranar da ya turo baron ƙofata, ni da matata muna tsaye, ya ƙwanƙwasa bangon waje.

"Wa ya shafa wannan, Des?"

"Ni ne. Siminti zalla, ba ha'inci."

"Ai na gani. Ka sa wa tsohuwa rigar leda, sannan kana mamakin tana zufa."

Na yi tuƙin babbar mota shekara talatin, ba a taɓa yi mini wayo a kasuwa ba, amma wannan ban sani ba. Ashe jan bulon zamanin da, in ya sha ruwa, ta farar ƙasar da ke tsakaninsa yake fitarwa. Mu duka mun bi mun toshe da siminti, ruwa ya rasa hanya ya juyo ɗakunanmu. Da hannunmu muka ja wa kanmu!

Da guduma da ɗan ƙarfe ya ɓamɓare simintin, don inji yana cinye gefen bulo. Ya cusa farar ƙasa layi-layi, yana tsere da zuwan ƙanƙara. Bette Crouch ta lamba goma ta gan shi kan tsani cikin iska yana lulluɓe bangon da buhuna, kada sanyi ya ɓata aikin. Da buhunan suka ƙare, ta cire bargon gadonta ta miƙa masa.

Sanyi ya wuce, Mista Ladd ya zo da na'urar auna danshi. Ya dafa nan, ya dafa can, ya girgiza ta, ya sauya batir.

"Anya ba ta lalace ba?" in ji shi, da ya ga ba ta nuna danshi ba.

"Gwada a goshinka, ɗan nan," in ji Bette. "Can ne ya jiƙe."

Kai, ranar layin nan ya ɗauki shewa! Shi ma Ladd, a yaba masa, bai karya alkawari ba.

Sauran gida ashirin da ɗaya suka ci wa Ivor shekara shida. Asabar ɗin nan zai ajiye cokalin gini.

Ivor, kai ne ka saurari bango lokacin da masu takardu suka yanke masa hukunci. Kai ne ka faɗa mini wautata a gaban matata, na kuma gode. Mai haƙurin dutse, mun gode, mun gode! Ku masu tasowa a sana'a, ku je ku zauna kusa da shi tun yana iya nuna muku, ku koyi tambayar tsohon gini abin da ke damunsa kafin ku ɗaga guduma.

Wa ya ci riba? Mu, iyali ashirin da biyu, muna nan muna jin tarin juna. Kamfani ya rasa filin ajiye motoci da ya zana. Ivor kuwa ya rasa ƙarfin kafaɗarsa ta dama, yau ko hula matarsa ke sa masa, shi da ko ɗaki ɗaya ba shi da shi a layin.