Saki Ɗaya a Bakin Kogin Lea

Shekara tara ke nan da muka kai Habu makwancinsa a wata maƙabartar Musulmi da ke gabashin London, cikin irin yayyafin nan da bai kai a buɗe masa lema ba, bai kuma bar kowa ya koma gida a bushe ba. Likitan ƙashi ne a Camberwell, ni kuma malamin makaranta a Peckham, kuma tun muna sakandare a Yauri muke tare. Abokan aikinsa suna tuna shi da sauƙin hannu. Ni abin da na fi tunawa shi ne mutum mai digiri biyu, tsaye a bakin kogin Lea cikin takalmin roba, yana yaudarar kifi.

Jikan masunta ne. Kakansa da taru yake shiga kogin Kwara, ya ciyar da gida guda da abin da ya fito. Habu kuwa sandar fatsa ya saya, da akwati cike da kifayen ƙarya, na roba da na ƙarfe, kowanne da ƙugiya a ɓoye a cikinsa. Ba ya sa tana, ba ya sa komai mai rai. Zai jefa, ya riƙa jawowa a hankali yana ɗan girgiza sandar, don abin ya yi kama da ƙaramin kifi da ya ji ciwo. Ya ce ilimin duka ke nan, ka nuna wa mai ƙarfi ga mai rauni, shi zai kawo kansa. Na ce masa wannan ai siyasa ce, ba kamun kifi ba.

Burinsa wani kifi ne da yake gani Amurkawa na kamawa a talabijin, bass suke ce masa. Kogin London ba shi da shi. Sai ya haƙura da wani mai zane a jiki da jan fiffike, wanda Turawa ke kira perch, shi kuma ya raɗa masa ƙanin giwan ruwa.

Al'adar masu fatsa a nan ita ce ka kama, ka duba, ka mayar. Ranar da ya fara ganin haka ya ce da kakansa zai ji, da ya aika a nemo mai ruƙiyya. Amma ya bi al'adar, sai dai ya ɗinka mata riga irin tamu. Zai zare ƙugiyar a hankali kamar yana cire wa majiyyaci zare, ya tsuguna, ya sa kifin a ruwa, ya sunkuya ya ce ƙasa-ƙasa, fuskarsa ba alamar wasa: “Na sake ki, saki ɗaya.”

Da na tambaye shi me ya sa ɗaya, ya ce mai hankali ba ya rufe ƙofar kome, wa ya sani ko mako mai zuwa za su sake haɗuwa. Wata Asabar ya kamo wani mai yagaggen fiffike da ya rantse ya sani, ya sanar da ni cewa an yi kome tun idda ba ta cika ba. Matarsa Rabi takan ce a duk London babu namijin da ya kai mijinta yawan saki, ita kaɗai ya ƙi ya sallama ta huta da warin kifi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga kogin yau. In aka yi ruwa mai ƙarfi, wari yakan riga ka isa bakin gaɓa. Da zafin bara na bi ta wurin, na ga ƙannen giwan ruwan nasa suna yawo ciki a sama, ba ƙugiyar da ta taɓa su. Daga Yauri ma ’yan'uwansa sun ce taru ya fi kamo leda. Ina jin zai gyara gilashinsa ya ce kogunan ne suka sake mu, kuma ba su tsaya a ɗaya ba.

Amma ba kogin ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Hanifa ce, ’yarsa tilo, wadda yake tafiya da ita fatsa tun tana ƙarama. Yanzu ta yi aure, tana da juna biyu. Kamar yawancin yaranmu na nan, tana jin Hausar “kin ci abinci?”, ta amsa da Turanci. Watan jiya ta zo gidana ta ce in rubuta mata addu'ar da babanta yake yi wa kifi. Tana so ta koya wa abin da za ta haifa, tana kuma tsoron ko tana karanta ta ba daidai ba. Sai ta karanto mini ita tiryan-tiryan, da muryar da ake karanta Fatiha. Ta ce duk shekara ita take yi masa a bakin kabarinsa. Rabi ba ta zuwa maƙabarta, shi ya sa ba wanda ya taɓa ji.

In na yi shiru, za ta ci gaba da kai wa Allah barkwanci a matsayin addu'a, ta kuma rayu ba ta san ubanta mutum ne mai ban dariya ba. In na yi magana, na ƙwace mata abu ɗaya da ta riƙe da harshensa. Rayuwata duka a gyaran kuskuren yara ta ƙare, kuma jan biro ba ya barin hannun mai shi don ya tsufa. Na faɗa mata.

Da Turanci na yi bayanin, don ba yadda zan yi. Na ce kalmar tana da fuska biyu, ta sakin abin da ka riƙe da ta rabuwar aure. Na bi ta kan idda, na bi ta kan kome. Ina magana ina jin abin yana mutuwa a bakina, don barkwancin da aka yi wa sharhi kamar kifin da aka feɗe ne, ana ganin komai na cikinsa amma ba ya motsi. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaya da Turanci ko ke nan shekara tara tana sakin ubanta. Na ce ba haka ba ne, Allah niyya yake dubawa. Ta ɗauki jakarta, ta tsaya a ƙofa, ta yi mini cikakkiyar jimlar Hausa ta farko da na taɓa ji daga bakinta.

“Baffa, da ka bar ni.”

Tun ranar ba ta kira ba. Rabi ta ce in ba ta lokaci, ta kuma yi dariya har da hawaye da na ba ta labarin, daga baya dariyar ta tafi ta bar hawayen. Mu biyu ke nan muka rage a garin nan da wannan magana za ta sa mu dariya, kuma dukkanmu muna shan maganin hawan jini.

To me ya saura na Habu? Ƙasusuwan da ya ɗora suna nan suna hawa bas, masu ƙasusuwan ba su san sunansa ba, wannan kuwa ladansa yana wurin da ba ya ɓata. Allah ya sa ya tarar da shi, ya yalwata masa kabarinsa. A nan duniya kuwa jikansa na tafe, Rabi ta ce in namiji ne sunan Habu za a sa masa. Kafin in buɗe baki, uwar yaron tana da jimla ɗaya ta ubanta da za ta raɗa masa a kunne. Yanzu fassara kawai gare ta.