Ranar da Malam Ya Yi Faɗa da Tsire

Ko me zan manta a duniya, ba zan manta yammacin da mijina ya yi faɗa da tsire ba. Allah ya jiƙansa. Faɗa nake ana rubutawa, in kun ga magana ta yanke, kuka ne ya ci ƙarfina.

A Umdurman muke zaune, zamanin mulkin soja. Malam mai agashe ne, tsiren nan da mutanenmu suka kawo Sudan, duk unguwa an san tukubarsa. Sai ciwo ya kwantar da shi. Ciwon ya tafi, amma ya tafi da sha'awar abinci. Na yi kisra, gurasar nan ta Sudan, na tuƙa tuwo da miyar kuka, na dama kunu, sai ya duba ya juya wa bango fuska. Likita ya gaya mini a fili, in bai ci ba, magani ba zai riƙe shi ba. Mutum ƙaƙƙarfa ya koma kamar kara.

Maƙwabtanmu a lokacin wani ɗalibi ne daga Indunusiya mai karatun addini a Khartum, da matarsa, 'yar siririya mai yawan dariya. Larabcinta na littafi, nawa na kasuwa, rabin hirarmu da hannu muke yi. Ta sha ganina ta kan katanga ina dawowa da kwano a cike.

Ran nan bayan magariba sai ga ta da faranti. "Hala, ki ba Baba," in ji ta, Hala wato Inna ke nan da Larabci. Naman kaza ne a jikin tsinke, an kwarara masa miyar gyaɗa mai kauri, ga shinkafa soyayya a gefe.

Malam yana kwance a gadon igiya a tsakar gida. Ya buɗe ido ya ce, "Wa ke gasa nama a gidana?"

Ba yunwa ce ta sa ya miƙa hannu ba, kishin sana'a ne. Ya gutsura, ya tauna, sai ya tashi zaune.

"Innalillahi! Hajiya, sukari! Sun sa wa tsire sukari!"

Na ce, "To ajiye mana, Malam."

"Tsaya in gane iyakar ɓarnar." Ya ɗauki na biyu. "Gyaɗar ma a jiƙe! Ina ƙuli? Ina yaji? Ke 'yata, wa ya koya muku wannan aika-aika?"

Yarinyar ba ta jin Hausa, ta ɗauka yabo ne, sai murmushi take tana tura masa shinkafa. Shi kuwa yana faɗa yana ci, yana ci yana faɗa, har ya suɗe yatsu. Ni na shige kicin na toshe baki da mayafi, dariya da hawaye a haɗe.

Washegari ya ce a hura gawayi, sai ya nuna wa mutanen nan tsire na gaskiya. Ita kuma ta rama da taliya. Haka aka yi ta gasa tsakanin gida biyu, ni ce na ci riba. Na koyi soya shinkafar da ta kwana da ƙwai da tafarnuwa, na koyi romon kifin madatsar ruwa ta Jabal Awliya da citta da lemon tsami, da baƙin ruwan nan nasu na kwalba mai gishiri-gishiri. Kafin a kira isha'i an gama girki. Malam ya murmure, ya koma tukubarsa, muka ƙara shekaru masu daɗi tare. Har ya bar duniya bai yarda abincinsu ya yi daidai ba, kuma bai taɓa rage ko loma ba.

Abin da na koya shi ne, wanda ya saki rayuwa, lallashi kaɗai ba ya dawo da shi. A nemo abin da yake kishi a taɓa masa, zai tashi zaune da kansa.