Furanni a Firij ɗin Rahinatu

Shekara tara Rahinatu, 'yar Zangon Kumasi, ta yi tana kula da Madam Halina, wata tsohuwa 'yar Poland, a Brooklyn. A 2016 ta raka ta ƙauyensu, Zalipie, a can Poland, inda mata ke zana furanni a bango da rijiya, har da ɗakin kare. Tsohuwar ta ce da can baƙin hayaƙin murhu ake rufewa da su. Aka miƙa wa Rahinatu buroshi, ta yi musu irin zanen lalle.

Da tsohuwar ta rasu, 'ya'yanta a waya suka sallami Rahinatu. Gidan da take haya a unguwar Parkchester kuwa an hana taɓa bango. Sai ta cika jikin firij ɗinta da zanen furanni, don shi dai nata ne.